Mu Muka Zaunar da Inna

Duk wanda yake da tsohuwa mai kukan gwiwa a gida, ina roƙonsa ya karanta wannan har ƙarshe kafin ya sake ce mata, "Yi zamanki, bari a kawo miki." Mu kusan shekara biyu muka yi muna faɗin wannan magana safe da yamma, da zuciya ɗaya, muna ganin lada muke tarawa. Saura ƙiris ta kai mahaifiyarmu kabari.

Sai na fara faɗin matsayina a gidan, in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. Ni ce 'yar fari. Inna Bafulatana ce, daga wata ruga ta wajen Gitata aka auro ta zuwa Yara, a nan cikin Keffi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggona, yayar babanmu, a Nasarawa, can na girma. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Idan ta kama dole sai ta ce "'yar Goggo." Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina wurin, idan na shigo ɗaki sai ta gyara zama ta fuskanci bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar uwarta na yi wa babban yayanta. Na san da haka tun ina yarinya. Amma sanin dalilin abu bai taɓa hana shi ciwo ba.

Ƙannena biyu ba ta da wannan da su. Sani tana yi masa faɗa har da jan kunne, Jummai kuwa auta ce, a cinyarta take kwanciya har bayan ta yi aure. Sai dai Abuja ta kwashe su duka. Sani direba ne a wani kamfanin gine-gine, Jummai tana aure a Masaka, daf da Abuja, mijinta yana sammakon shiga gari kullum. Babanmu ya rasu. Wadda ta rage a Keffi ita ce wadda ba a kiran sunanta, ina koyarwa a firamare, gidana yana wata unguwa.

Inna ta yi shekaru tana tallar fura da nono. Da ƙafa take zuwa tarar 'yan uwanta masu kawo nono, da ƙafa take zaga gari, ƙwarya uku a kanta. Cinyoyinta kamar taɓarya suke. Ciwon ya fara ne da sanyin safiya: idan ta tashi sallar asuba sai ta ɗan tsaya dafe da bango kafin ƙafar ta saki. Daga nan gwiwar dama ta soma ƙara idan ta lanƙwasa ta, ƙurus-ƙurus kamar ana tauna aya. Sai ta hagu ta bi sahu.

Sani ya zo hutun salla ya gan ta tana ɗingishi da ƙwarya a ka, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Inna, kina da 'ya'ya uku a raye kina yawon talla? Me za a ce da mu a garin nan?" A ranar ya kife ƙoren a saman rumfa. Ya sayo mata kujerar roba mai hannu, Jummai ta kawo katifa mai kauri. Ni kuma na ɗauki zuwa kowace safiya kafin makaranta, in share, in ɗebo ruwa, in dafa, in ajiye komai inda hannunta zai kai. Idan ta yunƙura za ta ɗauko ko da ludayi ne, sai wani ya yi wuf ya riga ta. Ni na fi kowa zaƙewa, ba zan ɓoye ba. Tunda ba ni da bakin yi mata hira, sai na mayar da hidimar ta zama hirata.

Masu ba da shawara kuwa ba su bar mu mun yi kewa ba. Aka ce sanyi ne, a yi ƙaho. Wanzami ya zo ya jera mata ƙaho a gwiwa, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fito. Kwana uku ta ji dama, na huɗu ciwon ya dawo da ƙannensa. 'Yan uwanta na ruga suka aiko da man shanu da wasu saiwoyi. Wata ta ce ƙasar sawunta aka ɗiba saboda furarta ta fi ta kowa kasuwa, aka karɓo rubutu. Mai kemis ɗin bakin titi ya haɗa mata ƙwayoyi kala huɗu a ƙullin leda, kuma gaskiya suna kashe zafin, har muka riƙa sa masa albarka. Wata biyar tana sha, sai ciki ya ɗauka, ta fara amai, aka ce gyambon ciki ne. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Duk wannan lokacin tana zaune. Daga katifa zuwa kujera, daga kujera zuwa katifa. Salla ta koma yi a zaune. Abu ɗaya ya rage da take yi da ƙafarta ba tare da kowa ba, shi ne zagayawa bayan gida. Masai ne irin na tsuguno, a can ƙuryar gida bayan ɗakin girki. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda take tashi daga tsugunon ba.

Wata Asabar da hantsi na zo na tarar ba ta ɗaki. Na ɗauka tana wajen Maman Bulus, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, wata 'yar ƙabilar Mada da ke sayar da doya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Na zauna na yi wanki, na shanya, na ɗora tukunya. Can sai na ji kamar ana magana ƙasa-ƙasa: "Maman Bulus. Maman Bulus." Na bi muryar har ƙofar bayan gida. Ashe Maman Bulus ta tafi kasuwa tun da sassafe. Inna ta tsuguna ta kasa tashi, ƙafafun sun mutu, ta zame ta zauna a kan sumuntin, ta jingina da bango. Tana jin motsina tun shigowata, tana jin ina wanki, tana jin ina 'yar waƙata. Ta fi awa ɗaya a wurin. Ba ta da sunan da za ta kira ni da shi.

Na ɗaga ta. Wannan ne karo na farko a iya sanina da jikina ya haɗu da nata. Ba ta da nauyi ko kaɗan, shi ya fi ba ni tsoro. Na wanke ta, na canza mata zane, duk idonta a rufe. Da na kwantar da ita sai ta ce wa bango, "Da Allah ya ɗauki raina jiya, da ya rufa mini asiri."

Daga ranar Inna ta yi wa kanta lissafi. Wanda bai ci ba bai sha ba, ba ruwansa da bayan gida. Sai ta rage ci, ta rage sha. Na roƙi maigidana na dawo gidan da zama, na fasa wata kujerar roba a tsakiya na ɗora a kan masan don ta huta da tsuguno. Amma ko daga kujerar ba ta iya miƙewa sai an kama ta, kuma mai kamawar ni ce. Jummai ta zo ta yi mako guda, Inna ta ɗan saki jiki ta ci, Jummai na komawa wajen 'ya'yanta ta rufe baki. Maman Bulus tana taimakawa da yamma, amma ita ma tana da bakunan da take ciyarwa. In na kai kunu sai in dawo in tarar da shi ya yi fata. Ruwa kuwa sai dai ta jiƙa leɓe. Na yi lallashi, na yi kuka, na sa liman ya yi mata nasiha daga bakin ƙofa. Ta ce ta ji, ta gode.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Leɓenta ya tsattsage, idonta ya faɗa, ta fara kiran sunayen shanun babanta. Ina zaune ina kallon uwata tana kashe kanta a hankali don kada in sake ganin tsiraicinta, kuma ba ni da abin yi. Ban taɓa jin na tsani al'adar nan ba sai a kwanakin, na tsane ta har cikin raina, na kuma tsani kaina da na zo duniya a farko.

Rana ta sha biyu ta sume, muka sa ta a keke mai ƙafa uku sai babban asibiti. Aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda. Da ta farfaɗo aka tura mu ɗaukar hoton gwiwa. Zan yi godiya ga asibitin nan har in mutu, amma zan faɗi gaskiya: layin yankar kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin hoto daban, kuma kowanne a wani gini. Mun je ranar farko aka ce ba wuta, rana ta biyu aka ce mai ɗauka ya fita. Albashina na watan a nan ya narke, tsakanin magani da kuɗin keke.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini. Ya ce akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan gwiwa, nata ya cinye, kuma ba ya tsirowa. Ya ce ana iya aiki a sa na ƙarfe. Sani ya kai hoton wani asibitin kuɗi a Abuja, kuɗin da suka faɗa masa ko gidan Yara muka sayar ba zai kai gwiwa ɗaya ba. Ya bugo mini waya ya gaya mini. Likitan namu ya ce kafin a yi zancen aiki mu fara zuwa sashen gashin ƙashi. Na karɓi takardar ne kawai don kada in yi masa musu. A raina na ce an sallame mu ne da dabara.

A sashen muka haɗu da Sista Rifkatu, wata gajeriyar mata 'yar ƙabilar Eggon, mai Hausa a tsaye ba lanƙwasa. Inna ta zaci za a gasa mata gwiwa da wuta ko ruwan zafi, har ta fara naɗe zane. Sista ba ta ko kalli gwiwar ba tukuna. Ta kama cinyar Inna ta matsa, naman ya tafi laɓe-laɓe a hannunta kamar tsumma.

"Mama, ɗaga ƙafar nan in gani."

Inna ta yunƙura, diddigen bai bar gado ba.

Sista ta juyo gare ni. "Tun yaushe ta daina tafiya?"

Na ce ai mun hutar da ita, kusan shekara biyu ke nan, ba ma barin ta ɗauki ko tsinke. Da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ta ce, "To ku ne. Ciwon gwiwa nata ne, amma wannan cinya ku kuka cinye ta. Gwiwa ba ta ɗaukar mutum ita kaɗai, cinya ce ke ɗauke mata kaya. Kun zaunar da mai ɗaukar kayan, kun bar mara lafiya da dakon."

Maganar nan har yau tana kunnena. Na tuna duk ludayin da na riga ta ɗauka.

Sista ta ce maganin shi ne a dawo da ƙarfin cinyar, kuma ba allura ba ƙwaya, aiki ne kullum a gida, sai an samu mai riƙe mata ƙafa yana ƙirga. Ta ce guringuntsin ba zai dawo ba, kada mu yaudari kanmu, amma zafin zai ragu kuma za ta tashi da kanta in ta jure. Ta ce, "Ke za ki riƙe mata." Na ja ta gefe na yi mata bayanin yadda muke. Ta saurare ni tsaf, ta ce su ma suna da irin nasu, ta sani. Sai ta koma ta ja kujera ta zauna daf da Inna.

"Mama, ni ba zan ce ki bar kunyarki ba, taki ce. Amma abu biyu ne, ki zaɓa. Ko yarinyar nan ta riƙe miki ƙafa a ɗaki, kina sanye da zanenki, na ɗan lokaci kullum. Ko ta riƙa ɗaga ki a bayan gida har ranar da za ki mutu. Na uku babu. Yunwar da kike yi ba za ta kashe ki da wuri ba, za a kawo ki mu sa miki ruwa, ki koma, ta sake ɗaga ki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka muka koma gida.

Washegari bayan na idar da salla na leƙa ɗakin. Tana kwance a kan tabarma, ba katifa ba, ta miƙe ƙafar dama, ta lulluɓe fuskarta da ɗankwali. Kofin kunun jiya yana gefe, babu komai a ciki. Na durƙusa na naɗe zane na sa a ƙarƙashin gwiwar kamar yadda aka koya mini. Na ɗora hannuna a cinyarta.

Makon farko abin da aka ce ta yi ko yaro zai raina: ta danne zanen da bayan gwiwa, ta ƙanƙame cinyar, a ƙirga biyar, ta saki. Sau goma, safe da yamma. Ina jin naman yana ɗan motsi a tafin hannuna kamar numfashin ɗan tsako. Ni nake ƙirgawa da farko, sai na ji daga ƙarƙashin ɗankwalin tana yi da Fulatanci: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Na bar mata ƙirgar.

Mako na biyu aka ce ta ɗaga ƙafar a miƙe, tsawon tafin hannu daga ƙasa, ni ina tallafe da diddige. Nan ne ta fara yi mini magana, amma ba ni take yi wa ba. Akwai wata kaza mai yawan leƙo ɗaki, ita ta zama 'yar aike. "A gaya wa mai riƙon nan hannunta da sanyi." Ko kuma, "A ce mata ai an kai goma, ba a makaranta muke ba." Ni ma sai in amsa wa kazar: "A ce mata saura biyu, na ji an tsallake takwas." Rannan har na ji ɗankwalin yana girgiza, dariya take yi. Shekarata arba'in da wani abu, ranar na fara ba uwata dariya.

Mako na uku Sista ta ce a sa nauyi. Ta ce ba sai mun sayi komai ba: in ɗebi yashi gwangwanin madara biyu, in ɗura a tsohuwar safa, in ɗaure a idon sawu. Inna za ta zauna a bakin gado ta miƙar da ƙafar, ta riƙe, ta sauke a hankali. Duk ranar Talata muna komawa asibiti a duba, mu bi layi tun safe a gan mu wajen azahar. Shugabar makarantarmu ta fara yi mini kallon da na gane.

A nan na yi nawa kuskuren. Na ga abu yana tafiya, zumuɗi ya ɗebe ni. Na ce in gwangwani biyu ya yi wannan, shida fa? Na ƙara yashi ban tambayi kowa ba, na ƙara ƙirga. Inna ba ta yi ƙorafi ba, ko ga kazar. Kwana biyu gwiwar dama ta kumbura tim, ta yi zafi, ko taɓawa ba a yi. Sauri ya haifi nawa.

Kamar an aika masa, a ranar Sani ya iso daga Abuja da keken guragu sabo fil a bayan mota. Ya shigo ya ga gwiwar, ya ga safar yashi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yaya, mene ne wannan? Tsohuwa mai ciwon ƙafa kike ɗaura wa yashi?"

Na ce asibiti suka ce.

"Asibiti suka ce ki kumbura mata ƙafa? Jummai ta gaya mini ban yarda ba. Mutanen unguwa suna cewa ana jin nishinta har waje." Sannan ya faɗi abin da ya zo da shi. "Ko don ba ta riƙe ki ba ne kike fanshewa?"

A tsakar gida ya faɗa, Maman Bulus tana tsaye, Inna tana ji daga ɗaki. Gwiwar kuwa ya gan ta da idonsa, kuma ni na kumbura ta. Ya buɗe keken, ya ce gobe zai tafi da Inna Masaka wajen Jummai, a samo mai kula da ita, ta huta. Na san me hutun yake nufi. Na san in ta hau keken nan ba za ta sake sauka ba, kuma na san ranar da aka rasa Jummai a kusa za ta sake rufe bakinta. Na zauna a bakin murhu na rasa inda zan sa raina. Na ce a zuciyata shi ke nan, na kashe ta sau biyu, da hutu da kuma gaggawa.

Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki. "Sani."

Ya ce, "Na'am, Inna."

"Zo ka fitar mini da abin nan daga gida. Ka ga gurguwa a nan?" Ya fara magana ta katse shi. "Kai ka kife mini ƙore. Na yi shiru don kada in kunyata ka. Yanzu kuma ka zo ka kife ni." Ta numfasa. "'Yar Goggo kuwa, ka nemi gafararta kafin ka bar gidan nan. Abin da ta gani, kai ba ka gani ba."

Sani ya zo ya tsuguna a gabana. Na ce ya tashi, ba komai, duk da akwai komai. Keken yana nan har yau a ɗakin ajiya, an ɗora masa buhunan masara.

Ranar Talata Sista Rifkatu ta wanke ni tas. Ta ce, "Malama, ke da kike koyar da yara, kina ba ɗan aji ɗaya littafin aji shida?" Ta ce ɗan ciwo lokacin aikin ba laifi ba ne, amma duk ciwon da ya kwana ya wuni, ko kumburi, alama ce an wuce gona da iri. Aka huta kwana huɗu, aka koma gwangwani ɗaya. Na ji kamar an mayar da mu farkon hanya, kuma haka ɗin ne.

Wata na biyu ya fi kowanne tsawo. Ba abin da ake gani. Kullum abu ɗaya, kullum nishi, damina ta sauka gwiwoyin suna ƙara tsami. Akwai safiyar da Inna ta ce wa kaza, "A ce mata a bar wahalar nan haka, icen da ya bushe ba ya tsiro." Na ce a ce mata ba ni na kafa dokar ba, ta je ta faɗa wa Sista da bakinta. Tsoron Sista ya sa ta miƙo ƙafar. Har lokacin ni nake kai ta bayan gida, ni nake ɗaga ta, idonta a rufe, nawa a kan bango. Amma tana ci, tana sha, domin Sista ta ce cinya ba ta ginuwa da iska.

Sai aka zo tashi da zama. Aka fara daga gado mai tsawo, an ƙara masa matashi biyu: ta tashi, ta zauna a hankali, ba faɗawa ba. Da farko da hannuna biyu, sannan ɗaya, sannan yatsa kawai. Aka cire matashi ɗaya, aka cire na biyu. Aka koma kujerar robar da Sani ya saya, wadda ta zaunar da ita, yanzu ita ce abin motsa jiki. Maman Bulus tana zuwa da yamma tana yi mata kirari tana tsokana: "Bafulatana, ina ƙafar da ta zaga Keffi? Tashi mana, ko sai an kaɗa miki ƙwarya?" Inna ta ce, "Ke dai ci doyarki." Yashi ya kai gwangwani huɗu, wannan karon da izini. Wata rana na ɗora hannu a cinyar na ji ta ture ni.

A cikin wata na biyar ne, ranar wata Alhamis da safe, ina tankaɗe a ɗakin girki na ji ƙarar buta. Na saki rariya zan fita kamar kullum, sai na ji takun sanda ya wuce ni. Na tsaya cak a bayan ƙofa. Kafinta ya riga ya kafa mana wani ƙarfe a bangon bayan gida, kusa da kujerar da na fasa. Na ji ta shiga. Na jira. Na ji ruwa. Sannan shiru mai tsawo, har na ɗaga ƙafa. Sai na ji ƙasa-ƙasa, "Go'o, ɗiɗi, tati," da wani nishi guda, da ƙarar kujera. Ta fito, ta wuce ta gaban ɗakin girkin da butarta a hannu, ba ta waiwayo ba.

Kada wani ya ɗauka ta warke. Gwiwoyin suna nan da ƙararsu, in hadari ya haɗu ita take fara sani. Ba ta tsuguno har ƙasa, sujada ma da kujera take yi, kuma Sista ta ce ranar da ta daina aikin cinyar za ta koma inda ta fito. Amma tana zuwa bayan gida ita kaɗai, tana shara, tana dama furarta ta sha, tana takawa har gidan Maman Bulus. In ta yunƙura ɗauko ludayi, sai in danne hannuna a cinya in bar ta. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya ɗauka: a kai tsoho asibiti da wuri, a tambayi sashen gashin ƙashi, kada a yi ta kai kamar yadda na yi da yashi, kuma a bar shi ya yi abin da zai iya da ƙafarsa, ko mutanen unguwa za su ce ba a da tarbiyya.

Da yammacin wannan Alhamis ɗin na ɗauko safar yashi na shiga ɗaki na durƙusa kamar yadda na saba wata biyar. Na kai hannu idon sawunta, sai ta janye ƙafar a hankali ta shigar ƙarƙashin zane. Ta gyara zama ta fuskanci bango. Maman Bulus tana bakin ƙofa, Inna ta ce mata, "Ki ce wa 'yar Goggo ta ajiye a nan. Na iya ɗaurawa da kaina. Ta koma ɗakinta haka, mijinta ya yi haƙuri da yawa."

Ko ta bakin kazar ba ta bi ba. Na ajiye safar na fito, na zaga bayan ɗakin girki na yi kuka mai isata. Maman Bulus ta biyo ni ta dafa ni ta ce, "Kukan me kuma? Ai kunyarta ce ta dawo, ta samu lafiya ke nan." Na ce na sani. Abin da na roƙi Allah ke nan, kuma ya ba ni.

Na koma gidana. Har yanzu ina biyawa kowace safiya kafin makaranta, sai dai ba na shiga ɗakin in na tarar tana yi. Nakan tsaya a jikin bango daga waje, jakata a kafaɗa, ina jin safar yashi tana taɓa ƙasa tana tashi. Tana ƙirgawa a ciki, ina bin ta a zuci. In ta tsallake takwas ina ji, amma ba ni da wanda zan aika.